Borin Jini: Ranar da Garkuwar Jiki Ta Ɗauki Baƙo Ɓarawo

Ana saura kwana uku ɗaurin auren 'yar yayata aka kira mai ƙunshi. Ta zo da jan lalle da baƙin dayis, ta zauna a tsakar gida ta zane amarya tun daga yatsu har gwiwar hannu, ƙawaye na ta ɗaukar hoto. Washegari lafiya lau. A dare na biyu yarinya ta fara susa. Kafin asuba duk inda baƙin ya bi ya tasa, ya yi ƙuraje masu ruwa, furannin da aka zana suka fito ɓaro-ɓaro kamar an ɗana mata wuta. Inda aka sa jan lalle kuwa ko ƙwarzane babu.

Gida ya rikice. Goggo ta ce baki ne, wata maƙwabciya ta ce hannu aka sa. A asibiti likita ya juya hannun ya duba, ya ce, "Hajiya, da me aka yi wannan baƙin?" Da aka ce dayis ne, sai ya ce jikinta ne ba ya shiri da shi. Yaya ta ce, "Haba likita, ai ba yau ta fara ba. Ko sallar bara da shi aka yi mata." Ya ce, "To, Hajiya, na baran ne ya jawo na bana."

A cikin wannan 'yar gajeriyar amsa aka dunƙule rabin abin da ya kamata a sani game da larurar da likitoci ke kira alaji. Mu idan ta fito a fata mukan ce borin jini, idan kuwa abinci ne ko magani sai mu ce "bai karɓe ni ba". Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, yadda abin da mutum ya saba da shi, wanda kowa ke amfani da shi lami lafiya, zai wayi gari ya zame masa abokin gaba.

Masana ma sun sha wannan mamakin. A shekarar 1902 wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suna neman hanyar yi wa jiki rigakafin dafin wata halittar teku. Suka ba kare ɗan kaɗan, ya warware. Bayan 'yan makonni suka sake ba shi ɗan mitsitsi, suna sa ran jikinsa ya riga ya saba. Cikin mintoci numfashinsa ya sarƙe, ya faɗi, ya mutu. Allurar farko, maimakon ta kare shi, sai ta shirya jikinsa ya yi mummunan bori a karo na biyu. Wannan binciken ne ya sa aka ba Richet lambar yabo ta Nobel a 1913. Shi kuwa sunan alaji, wani likitan yara a birnin Biyana, Clemens von Pirquet, shi ya raɗa shi a 1906, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin jiki ya amsa ta wata hanya dabam.

Ga yadda abin ke gudana. Garkuwar jiki mai gadi ce. Aikinta tantance mai shiga, ta kama ƙwayar cuta, ta ƙyale abinci da iska su wuce. A jikin wasu mutane sai ta yi wa wani baƙo marar laifi kallon ɓarawo: garin furen ciyawa, ƙwai, kifi, gyaɗa, yawun mage da ya bushe a gashinta. Ranar farko ba a jin komai, domin garkuwar tana shirin yaƙi ne a ɓoye. Tana ƙera wani makami da ake kira IgE, wanda aka yi shi daidai da siffar wannan baƙon shi kaɗai. Sai a 1966 zuwa 1967 aka gano shi, ta hannun wasu miji da mata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, masu aiki a Amurka, da kuma wasu masana biyu a Suwidin. Wannan makami yakan je ya liƙe a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, waɗanda ke jibge a fata da hanci da huhu da hanji, kowace cike da 'yan jakunkunan sinadarai. Ranar da baƙon ya dawo, da ya taɓa makamin sai jakunkunan su fashe.

Babba a cikin sinadaran shi ne histamin. Shi ke buɗe ƙananan hanyoyin jini har ruwa ya tsiyayo cikin nama, wurin ya yi ja ya kumbura. Shi ke tsokanar jijiyoyi a ji ƙaiƙayi da atishawa, ya sa hanci zuba, ya matse hanyoyin iska. Asalin wannan shiri na korar tsutsar ciki ne da irin su tsargiya: a yi tari, a yi gudawa, a yi susa, a fitar da mugu. Mai alaji yana shan duk wannan wahalar ne a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Inda aka yi arangamar, nan ciwon ke bayyana. A hanci, atishawa ce a jere, biyar, goma, da majina fara kamar ruwa da idanu masu ƙaiƙayi. Da yawa suna ɗaukarta mura, su nufi kemis su sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali babu ƙwayar da za a kashe. Mura takan zo da zazzaɓi da ciwon jiki, ta tafi cikin mako guda ko kwana goma. Wannan kuwa babu zazzaɓi, kuma tana nan muddin mai tayar da ita na kusa. A huhu, ita ke tayar wa yara da yawa ciwon asma, ƙirji na kuka kamar usur, musamman da tsakar dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da asma, kuma ta yi ajalin 455,000.

Mun saba ɗora wa hunturu laifi, kuma gaskiya ƙura da busasshiyar iska suna fama hanci da ƙirjin da dama can a tunzure suke. Haka hayaƙin icce da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Amma sau da yawa ainihin mai laifin yana cikin ɗaki. Akwai wasu ƙananan halittu dangin kaska, ido ba ya ganinsu, suna zaune a katifa da matashi da darduma suna cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu. Kashinsu ne ke tayar da bori. Ga kashin kyankyasai, ga fumfunar bango mai laima. Shi ya sa wani da zarar ya ciro bargon da aka adana tun bara sai atishawa ta ce salamu alaikum. Wanke zannuwan gado da ruwan zafi, shanya katifa a rana, da goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon sharar da ke tayar da ƙura, duk suna rage wahala.

Na amaryarmu wani reshe ne mai tafiyar hawainiya. Wasu sojojin garkuwar ne dabam ke yinsa, kuma sai an kwana ɗaya zuwa uku yake bayyana, shi ya sa ba a cika gane mafarinsa ba. Baƙin dayis yakan ƙunshi wani sinadari da ake kira PPD, wanda ya yi ƙaurin suna wajen wannan aiki. Haka ƙarfen nikel da ke cikin 'yan kunne da sarƙoƙi masu araha da ƙarfen bel. Jikin da ya riƙe PPD a rai ba ya mantawa. Ranar da aka rina gashi da shi, fuska na iya kumbura har ido ya rufe.

Sai dai ba kowane rashin jituwa ne alaji ba. Ƙaiƙayin da kulorokwin ke sa mutanenmu da yawa, garkuwa ba ta da hannu a ciki irin wannan. Wanda madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa, galibi hanjinsa ne ya rasa sinadarin narkar da sukarin madara, kuma sau tari kindirmo ba ya damunsa sosai. Amma wanda allurar fanisilin ta taɓa tayar wa borin jini, ko wanda ya sha magani mai salfa irin su Septrin da Fansidar ya ga ƙuraje, leɓe da baki suna saɓulewa, wannan ya daina sha nan take ya nufi asibiti, kuma ya riƙa faɗa wa duk likitan da zai rubuta masa magani har ƙarshen rayuwarsa.

Mafi haɗari shi ne irin abin da ya kashe karen Richet, wanda ake kira anafilaksis. Bayan harbin ƙudan zuma ko rina, ko allura, ko lomar abinci, cikin mintoci leɓe da harshe su kumbura, murya ta dushe, numfashi ya sarƙe, jiri ya kama mutum saboda jininsa ya yi ƙasa. A nan Piriton ba ya ceto, ɗura manja ko madara kuwa sai dai ya shaƙe marar lafiya. Magani ɗaya ne, allurar adirenalin a tsokar cinya, da wuri. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, idan numfashi ya fi damunsa a jingina shi a zaune, kada a bar shi ya miƙe ya taka, a garzaya asibiti. Ko ya farfaɗo a bari likita ya sa masa ido, domin borin na iya dawowa bayan sa'o'i.

Me ya sa wani ke da ita wani babu? Gado na da hannu. Gidan da uwa ko uba ke da asma ko borin jini, 'ya'ya sun fi kusa. Yadda aka yi rainon ma na da hannu. An daɗe a Ingila da Amurka ana hana jarirai gyaɗa don tsoron alaji. Sai wani bincike da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, wanda aka wallafa a 2015, ya juya zancen. An bi jarirai 640 masu haɗarin kamuwa har suka shekara biyar. Waɗanda aka fara ba abincin gyaɗa tun suna ƙanana, kamuwarsu ta ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari a kan waɗanda aka hana. Ashe kunun gyaɗar da iyayenmu mata ke dama wa yaro idan ya fara cin abinci yana kan hanya. Sai dai ba a ba jariri ƙwayar gyaɗa, kada ta shaƙe shi, kuma yaro mai tsananin ƙurajen fata a fara nuna shi ga likita.

Akwai gwajin fata, inda ake ɗiga abin da ake zargi a ɗan tsaga fatar a jira kamar minti 15, akwai kuma na jini. Akwai magunguna masu toshe histamin, da na feshin hanci, da abin shaƙa na masu asma, wanda ba ya zama jaraba kamar yadda ake yaɗawa. Amma babban gwaji yana hannun mai ciwon: me na ci, me na shafa, ina na shiga, bayan awa nawa abin ya taso? Wanda ya rubuta wannan na wata guda ya yi wa likita rabin aiki.

An ɗaura auren a ranar da aka sa, amarya na sanye da safar hannu. Tabon furannin ya yi watanni kafin ya baje. Da aka zo sunan ɗanta na fari, Goggo na nan kan bakanta cewa baki ne ya kama yarinyar. Amma da mai ƙunshi ta kwance jakarta ta ciro ƙullin baƙi, Goggon ce ta fara miƙa hannu ta ce, "A'a, 'yar nan, mayar da wannan. Ja kaɗai za ki sa mata."