Rick Riordan: Malamin da Tatsuniya ta Fitar Daga Aji

An haifi Rick Riordan ranar 5 ga Yuni, 1964, a birnin San Antonio da ke Jihar Texas ta Amurka. Ya karanci Turanci da tarihi a Jami'ar Texas da ke Austin, daga nan ya riƙi alli. Shekara 15 ya yi yana koyar da yara 'yan ƙaramar sakandare, a San Francisco da kuma garinsu, kuma tatsuniyoyin Girkawan dā na cikin darussan da ya fi jin daɗin koyarwa.

Tun yana koyarwa yake rubutu, sai dai don manya. Littafinsa na farko, Big Red Tequila, labarin wani ɗan bincike mai suna Tres Navarre, ya fito a 1997, wanda ya biyo baya kuma ya ci lambar yabo ta Edgar.

Abin da ya juya akalar rayuwarsa a cikin gida ya faru. Babban ɗansa na fama da larurar da ke hargitsa wa yaro haruffa idan ya zo karatu, ga kuma kasa tattara hankali wuri guda. Yaron ba ya son littafi, amma yana son tatsuniya. Kullum da dare uban ya riƙa ba shi labaran Girkawa har suka ƙare, yaron ya ce a ƙirƙiro masa sabo. A nan aka sami Percy Jackson, ɗan shekara 12 mai irin larurar yaron, wanda makarantu suka sha kora, daga baya ya gano cewa shi ɗan Poseidon ne, wanda Girkawan dā suka ɗauka a matsayin mai mulkin teku.

Hikimar da ke cikin labarin ta malami ce. An nuna cewa haruffan Turanci na rikice wa Percy ne saboda ƙwaƙwalwarsa da tsohon Girkanci ta dace, rashin natsuwar tasa kuwa ita ke tsirar da shi a fagen daga. Yaron da ya saba jin ana ce masa daƙiƙi sai ga shi ya ga irinsa a matsayin jarumi. Wanda bai daɗe a gaban allo yana kallon fuskokin ɗaliban da ke bencin baya ba, da wuya wannan tunani ya zo masa. Kafin a buga labarin a littafi ma, Riordan ya miƙa wa wasu ɗalibansa rubutun suka karanta suka ba shi shawara. Babi gajere, barkwanci, da labari mai gudu ba tsayawa, duk dabarun riƙe hankalin aji ne.

Littafin Percy Jackson na farko, The Lightning Thief, ya fito a 2005, jerin ya cika littafi biyar a 2009. Riordan ya bar koyarwa ya rungumi rubutu, ya shiga tatsuniyoyin Masar a 2010, na mutanen arewacin Turai a 2015. Finafinan Percy Jackson biyu da aka yi a 2010 da 2013 ba su gamsar da shi ba, kuma bai ɓoye hakan ba.

Da masu karatu suka matsa ya rubuta tatsuniyoyin wasu al'ummomi, sai ya ga mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya haɗa gwiwa da kamfanin Disney aka buɗe sashen wallafa mai suna Rick Riordan Presents, domin marubuta su ba da labaran iyayensu da kakanninsu da kansu. Roshani Chokshi ce ta buɗe fage a 2018 da tatsuniyoyin Indiya. A 2019 Kwame Mbalia ya kawo Anansi na mutanen Gana, takwaran Gizo na tatsuniyar Hausa wajen wayo da yaudara.

A watan Disamba na 2023 aka fara nuna Percy Jackson a matsayin shiri mai dogon zango a Disney+, wannan karon da hannun Riordan a rubutun.