Gudun famfalaƙi: Yadda murɗawar ciki da ƙarancin ruwa ke kayar da 'yan tsere

A ranar 21 ga Nuwamban 2020 aka yi gasar gudun famfalaƙi ta Kaduna karo na farko, zamanin Gwamna Nasir El-Rufai. Babban zangon gasar kilomita 21 ne, wato rabin cikakken gudun famfalaƙi, kuma 'yan Kenya ne suka lashe shi. Duk matashin Ikara, Makarfi ko Kudan da ke son gwada ƙwanjinsa a irin wannan zango, akwai abokan gaba biyu da ke jiransa a hanya: murɗawar ciki da ƙarewar ruwan jiki.

Idan gudu ya yi nisa, jiki kan karkatar da jini zuwa ƙafafu da fata, sai hanji ya rasa kaso mai yawa na jinin da ya saba samu. Ga kuma jijjigar da kowane taku ke yi wa ciki. Daga nan tashin zuciya, kumburi da gudawa ke samo asali. Abin bai bar manya ba. A gasar Landan ta 2005, Paula Radcliffe ta Ingila ta tsaya a bakin hanya saboda murɗawar ciki, sannan ta ci gaba har ta zo ta ɗaya.

Rashin ruwa na ƙara dagula lamarin. Mai gudu kan zubar da gumi daga rabin lita zuwa lita biyu a awa guda. A lokacin hunturu, busasshiyar iska na shanye gumin tun kafin ya jiƙa riga, sai mutum ya ɗauka bai rasa komai ba. Idan ya rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato sama da kilo ɗaya ga mai kilo 60, ƙarfinsa kan fara raguwa.

Ana gane hakan ta hanyar hawa sikeli kafin atisaye da bayansa. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Fitsari mai duhu ma alama ce.

Sai dai ɗirkar ruwa barkatai na da nasa haɗarin, domin yana tsinka gishirin da ke cikin jini. Wani bincike a kan gasar Boston ta Amurka ta 2002 ya gano kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun samu wannan matsala, kuma wata 'yar tsere ta rasu sanadiyyarta a shekarar. Abin da ya fi shi ne a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙishirwa.

Makarfi da Kudan ƙasar rake ce da mazarƙwaila, don haka zaƙi ba ya wuya. Amma sukarin ruwan rake ya ninka na ruwan da ake haɗa wa 'yan wasa, wanda ba ya wuce kashi 6 zuwa 8 cikin 100. Zaƙi mai kauri yana daɗewa a ciki, yana kuma jawo ruwa zuwa hanji, abin da ke iya haddasa gudawa. Lemon kwalba ma haka yake.

Ruwan gishiri da sukari da iyaye mata ke haɗa wa yara masu gudawa ya fi dacewa: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba tare da tozo ba.

A ɓangaren abinci, ƙosai, alala, wake, zogale da yaji mai yawa sai a bari sai an gama tsere. Nono ma na ɓata cikin wasu. Koko, burodi, ayaba ko farar shinkafa awa biyu zuwa uku kafin tashi sun fi sauƙin narkewa. Duk abin da za a ci ko a sha ranar gasa, a fara gwada shi a atisaye, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, na iya ji wa ciki da ƙoda rauni idan aka sha su kafin doguwar tsere, musamman idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki.

Idan ciki ya murɗa ana tsakiyar gudu, a rage sauri ko a koma tafiya, a kurɓi ruwa, a dakatar da zaƙi har ya lafa. Amma jiri, ruɗewa, amai ba ƙaƙƙautawa ko jini a bayan gida na nufin tseren ranar ya ƙare. Sai a kai mutum inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi ma'aikatan lafiya nan take. Wanda ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.