Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibiya: Dalilin Tambayoyin Likita

Sau da yawa mutanenmu na zangon Sokode da na Dapaong kan fito daga asibiti suna gunaguni, wai likita ya cika tambaya alhali mutum yana murƙususu. To jama'a, waɗannan tambayoyi su ne rabin magani.

Likita yana so ya san inda ciwon yake, da ranar da ya fara, da ko suka yake yi ko murɗa, da abin da ke tayar da shi. Yakan ce majinyaci ya auna zafin daga 0 zuwa 10. Jariri kuwa, fuskarsa da kukansa ake dubawa. Da amsoshin nan yake rarrabe ciwo mai sauƙi da mai kisa.

Alal misali, ciwon cikin da ya fara a cibiya ya gangara ƙasa ta hannun dama yana iya zama afendis, wanda kan kai ga tiyata. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya a lokacin rani, musamman a arewa wajen Dapaong, sanƙarau ake fara zato. Annobarsa ta 1996 zuwa 1997 ta kashe mutum wajen 25,000 a Afirka. Yaro mai yawan ciwon ƙashi kuma sai a gwada jininsa, ko amosanin jini ne.

Shi kansa maganin hawa-hawa ne. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku domin masu ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, in bai ji ba a hau kodin, sannan mofin.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙwayoyin kasuwa. Sukan danne zafi, mutum ya zauna gida, cuta tana cinsa. Taramadol yana kama jiki har a kasa barinsa, yakan kuma jawo farfaɗiya. Yawan shan dikolofenak yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Farasitamol ma, in babba ya wuce giram 4 a rana, hantarsa tana cikin haɗari. Wasu ƙwayoyin kuma jabu ne, abin da ya sa shugabannin wasu ƙasashen Afirka suka taru a Lome a Janairun 2020 don yaƙar cinikinsu.

Saboda haka 'yan'uwa, wanda zai je babban asibitin Sokode ko na Dapaong, ya riƙe kwalin duk maganin da ya sha, ya faɗi har da jiƙo da sassaƙe, kada kunya ta hana shi nuna inda ke masa ciwo. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.