Tambayar Sirri: Yadda Ya Kamata a Tsara Ta

A wannan ɗan rubutu zan yi bayani a kan tambayar sirri, wato wadda kwamfuta ke yi wa mutum idan ya manta kalmar shigarsa. Wasu tsare-tsaren sukan ba mai kula da su damar rubuta tambayoyin da kansa. To, me ya kamata ya lura da shi?

Na farko, kada amsar ta zama sananniya. A 2008 wani ɗalibi ya kutsa cikin imel ɗin Yahoo na Sarah Palin, 'yar takarar mataimakin shugaban Amurka, domin amsoshinta, kamar ranar haihuwarta, duk suna intanet.

Na biyu, kada a iya cankarta. Binciken Google na 2015 ya nuna cewa idan aka tambayi masu jin Turanci abincin da suka fi so, mai kutse zai iya dacewa da "pizza" kusan kashi 20 cikin ɗari a karon farko.

Na uku, ƙa'idar rubutu. Ni kaina na taɓa rubuta "ƙosai" a matsayin amsa, daga baya na buga "kosai", aka ƙi buɗe mini. Ƙugiya ɗaya ta hana ni shiga.

A ƙarshe, tun 2017 hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawarar daina dogaro da waɗannan tambayoyi. Inda suka zama dole, shawarata ita ce a ƙirƙiri amsar da ba gaskiya ba, a adana ta kamar kalmar sirri.