Wa Ke Da Lissafin Ruwan Da Ya Sauka A Gonarka?

Manomi, kowace shekara tun damina ba ta faɗi ba, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, takan ba da sanarwar yadda take hangen daminar bana: yaushe ruwa zai kankama a kowace jiha, yaushe zai ɗauke, da inda ake tsoron fari a tsakiyar damina. Kana ji a rediyo, ba ka biyan ko kwabo. To, ka taɓa tambayar inda suke samo wannan lissafi?

Ba duba suke yi ba, awo ne. Akwai ma'aunin ruwan sama da na zafi da na iska a filayen jirgin sama da tashoshin binciken aikin gona irin na Samaru, ga kuma taurarin ɗan Adam da ke leƙo gajimare daga sama. Sai dai tashoshin gwamnati ba su kai ko'ina ba, kuma kai ma ka san halin ruwan ƙasar nan. Sai a kwana ana sheƙa shi a ƙauyenku, ƙauyen da kuke cin kasuwa tare ko yayyafi bai samu ba.

Ma'aunin Da Ba Na Gwamnati Ba

Manyan gonaki da wasu kamfanoni suna kafa nasu ma'aunin. Da kuɗinsu suka saya, saboda haka lissafin da ya fito dukiyarsu ce. In gwamnati tana so, sai ta roƙa ko ta saya. A Amurka haka ake yi. Hukumar yanayin ƙasar tana biyan kuɗi ta karɓi awo daga tashoshin da ba nata ba, kuma tun 2020 take sayen awon taurarin kamfanoni. Mai sayarwa yakan gindaya sharaɗi: ku yi aiki da awon ku fitar da hasashe, amma kada ku raba wa kowa ainihin alƙaluman, don kada kasuwarsa ta mutu. Ka ga an sayi abu da harajin talaka, an ba shi tuwo, an hana shi ganin hatsin.

A 2021 ƙasashen da ke cikin Hukumar Yanayi ta Duniya, har da Nijeriya da Nijar, sun amince a riƙa musayar muhimman awon da ake bukata don kare rai da dukiya kyauta. Wannan alkawari ne tsakanin gwamnatoci. Bai tilasta wa kamfani ya buɗe littafinsa ba.

Ina Ruwanka Da Wannan?

Da ruwanka ƙwarai. Akwai wata irin inshorar gona wadda ba a zuwa duba gonarka in ka yi asara. Lissafin ruwa kawai ake dubawa: in bai kai yadda aka rubuta a takarda ba a biya ka, in ya kai shi ke nan, ko da geronka ya ƙone ƙurmus. Yanzu a ce ma'aunin yana nesa da kai, kuma yana hannun wanda zai biya ka, kai kuwa ba ka da ikon ganin lissafin. Da me za ka yi gardama?

A Nijeriya akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ta ba ka dama ka rubuta wa ma'aikatar gwamnati ka nemi bayani, ba sai ka faɗi dalili ba, kuma a ba ka amsa cikin kwana 7. Amma dokar ta yarda a hana ka abin da yake sirrin kasuwancin wani kamfani ne. Nan ne gizo ke saƙa.

Saboda haka kada ka sa hannu a takardar inshora sai ka tambaya: wane ma'auni za a yi aiki da shi, ina yake, wa ke karanta shi? In wani kamfani ya nemi kafa ma'auni a filin ƙungiyarku ko a makarantar garinku, ku karɓe shi, abu ne mai amfani. Amma tun ranar farko ku sa a rubuta, gaban mai gari da malamin gona, cewa za a riƙa ba ku lissafin kowane mako.

Kai ma ka riƙe naka. Nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da gindinsa ɗaya ne, ka yanke murfin duka. Ɗaure shi a kan turke a fili, nesa da bishiya da indararo, inda akuya ba za ta ture shi ba. Kowace safiya, lokaci ɗaya, sa rula ka auna zurfin ruwan, ka rubuta da kwanan wata, ka zubar. Yaro ɗan makaranta zai iya yi maka. Inci 1 wajen milimita 25 ke nan. Masana aikin gero sukan ɗauki milimita 20 cikin kwana 3 a matsayin ruwan shuka, muddin bai ɗauke fiye da mako guda a bayansa ba. In kaka ta yi, kai wa malamin gona littafinka ku gwada da na gwamnati.