Labarin da aka kasa yin fim ɗinsa, ana iya sayar da shi ga kunne

Duk wanda ya zaga kasuwar Madawa ko ta Buza ko ta Keita zai lura da cewa da wuya ka wuce rumfa uku ba ka ji murya tana fita daga ƙaramar rediyo ko wayar salula ba. Mai ɗinkin buhun albasa idonsa yana kan basilla, mai saƙar tabarma idonta yana kan kaba, mai tuyar ƙosai kuwa ba ta isa ta ɗauke kai daga kasko ba. Ido yana da aiki tun safe har yamma, kunne ne kaɗai ke da sarari. Wannan ne ya sa abin da Turawan Ingila suka yi da wasu tsofaffin labaransu ya cancanci 'yan kasuwa su ji shi.

Akwai wani wasan talabijin na BBC mai suna Doctor Who da aka fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Labarin wani baƙo ne daga wata duniya, wanda yake shiga wani akwati shuɗi ya tafi zamanin da ko zamani mai zuwa. A shekarar 1985 shugabannin BBC suka dakatar da shirin na wata 18, alhali marubuta sun riga sun rubuta labaran da za a ɗauka. Da aka dawo sai aka sauya tsari, aka jefa waɗancan labarai cikin kwaba.

A 1999 wani ƙaramin kamfani mai suna Big Finish ya sami izinin BBC na shirya wasannin Doctor Who na saurare zalla, ana sayarwa a faifai. A 2009 suka fito da jerin da suka kira The Lost Stories, ma'ana labaran da suka ɓace. Suka fara da The Nightmare Fair na Graham Williams, ɗaya daga cikin waɗanda aka watsar a 1985, suka kuma ɗauko Colin Baker da Nicola Bryant, 'yan wasan da tun asali aka rubuta labarin dominsu. Shekara 24 ta wuce, fuska ta tsufa, amma a gaban makirufo wa ke ganin furfura? A 2010 suka tono wanda ya fi shi daɗewa, labarin Sarki Iskandari na Makidoniya da Moris Farhi ya rubuta tun 1964. Babban ɗan wasan farko, William Hartnell, ya rasu a 1975, saboda haka abokan wasansa biyu da ke raye a lokacin suka riƙa ba da labarin suna haɗawa da wasa.

Wani abin mamaki shi ne wannan shiri yana da alaƙa da mu. A da can BBC tana goge kasusuwanta domin ta sake ɗaukar wani abu a kansu, da haka kashi-kashi masu yawa na Doctor Who suka salwanta. A 2013 aka ba da sanarwar gano kashi tara daga cikinsu a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin da ke Jos a Nijeriya. Waɗanda hotonsu bai dawo ba kuwa, muryarsu tana nan, domin masu kallo a gidajensu sun naɗi sautin da rikoda a lokacin da ake nunawa.

To, mai karatu zai ce ina ruwan mai sayar da albasa da wannan? Ruwansa shi ne mu ma muna da kwabar da ta cika da labaran da ba a yi ba. Tun da aka fito da Turmin Danya a Kano a 1990, masana'antar finafinan Hausa take karɓar labarai fiye da waɗanda take iya ɗauka. A 2007 gwamnatin Kano ta dakatar da shirya fim na watanni, daga baya satar fasaha da turin fim a waya suka karya kasuwar faifai. Furodusa ya koma neman labarin da za a gama a falo ɗaya da mota ɗaya. Labarin yaƙi, na tarihi, na fatake da ayarin raƙuma, na sararin samaniya, duk tsada ta hana.

Ɗauki Tauraruwa Mai Wutsiya, littafin da Umaru Dembo ya wallafa a 1969, inda aka ɗauki wani yaro aka yi yawo da shi a sararin sama. Mai son yin fim ɗinsa sai ya tanadi kuɗi masu kauri, in ba haka ba jirgin zai fito kamar murfin tukunya, 'yan kallo su yi ta dariya. A wasan kunne kuwa, ƙarar iska da gunjin inji da muryar yaro mai tsoro sun wadatar. Mai saurare zai ƙera jirgin da kansa a cikin kansa.

Ko ba mu je sama ba, ga labari a ƙofar gida. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su a kan tuddai domin tare ruwa mata ne, ana biyansu da abinci. Wane furodusa ne zai iya tara ɗaruruwan mata a kan dutse ya ɗauki hoto? Amma mutum shida a ɗaki guda, da diga da kwano da waƙar aiki, za su iya mayar da mai saurare wannan zamani. Da yawa daga cikin matan suna raye, su ne ma za su gyara wa marubuci kuskure.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Manya suna tuna Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan da Samanja na Usman Baba Pategi a Rediyon Kaduna, wadda ake kamawa har cikin Adar. A nan Nijar Yazi Dogo da 'yan ƙungiyarsa sun daɗe suna sa mutane dariya da tunani. BBC ta yi Gatanan Gatanan Ku, Muryar Jamus ta yi Ji Ka Ƙaru. Tun da aka buɗe rediyon karkara ta farko a Bankilare a 1999 kuma, ƙananan tashoshi sun bazu a ƙasar. Sai dai yawancin wasannin da ake ji yanzu na ƙungiyoyin agaji ne, a kan rigakafi ko tazarar haihuwa. Suna da amfani, amma ran da kuɗin ƙungiya ya ƙare, wasan ya ƙare.

Abin da ya cike gurbin shi ne karatun littattafan Hausa da ake ɗorawa a YouTube, ko a tura wa mutum a memori a rumfar masu caji. Mata na sonsa ƙwarai, kuma kasuwa ce ta gaske. Amma a nan ne bambancinmu da Turawan ya fito fili. Big Finish sai da ta nemi izini kafin ta taɓa labari, sunan marubuci yana jikin faifai, mai saye kuma ya san kuɗinsa ne ke biyan wasa na gaba. A wajenmu sau da yawa wani ne zai ɗauki littafin wata, ya karanta da murya ɗaya, ba kiɗa ba motsin ƙofa, ya karɓi kuɗin talla, marubuciyar ko dala ba ta gani ba. Mai turi ya ci, mai karatu ya ci, wadda ta kwana tana rubutu ta tashi a tutar babu. Ɗan kasuwar da aka taɓa ɗaukar masa kaya bashi aka gudu ya san wannan zafin.

A ganina 'yan kasuwa ne ke riƙe da mabuɗin. Dillalan albasar Madawa da masu shaguna suna biyan rediyo kuɗin sanarwa da gaisuwa. Da kaɗan daga cikinsu za su haɗa hannu su ɗauki nauyin wasa na minti 20 a mako, a sayi labarin daga hannun mai shi da takarda, a biya samari da 'yan matan da za su yi muryoyi, a ambaci sunan shagunansu a farko da ƙarshe, da kuɗin ba zai kai na yini guda na ɗaukar fim ba. Kayan aikin ba su wuce makirufo biyu da kwamfuta ɗaya da ɗakin da aka rufe bangonsa da tabarmi domin hana amsa-kuwwa ba, tabarmin kuwa a Madawa ake saƙa su.