Sai Bango Ya Tsage: Abin da Ke Hana Laftof Karɓar Sabuntawa a Katsina

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta gota lokacin da ɗiyar ƙanwata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, rungume da laftof a buɗe kamar mai ɗauke da jinjiri mara lafiya. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma washegari ne za ta kai wa malaminta babi na huɗu na kundin bincikenta. "Kawu, ta ƙiya," in ji ta, muryarta na rawa. Ta ce na'urar tana tsakiyar sabunta kanta, ta kai kashi 30 cikin 100, har da gargaɗin kada a kashe, sai aka ɗauke wuta. Batirin kuwa ya daɗe da mutuwa, ko minti biyar ba ya riƙewa. Da wutar ta dawo sai kwamfutar ta shiga kai-komo: ta tashi, ta ce tana warware abin da ta fara, ta mutu, ta sake tashi.

Duk wanda ya taɓa zaman awa ɗaya a shagon gyaran kwamfuta, ko a shagunan buga takardu da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Kwalejin Hassan Usman Katsina ke cikawa, ya ga irin wannan. Ya kuma ji magunguna biyu da ake bayarwa nan take. Ko dai "a yi mata fomat", wato a share komai a zuba sabuwar Windows, ko kuma "a kashe ofdet ɗin gaba ɗaya kowa ya huta". Na farko yakan tafi da wahalar mutum ta shekaru. Na biyu yakan bar na'ura tana aiki lafiya a ido alhali an tuɓe mata kariya. Gaskiyar magana ita ce, sabuntawar da ta ƙi shiga galibi tana da ƙaramin dalili da ake iya ganowa, kuma dalilin yana tattare da zamanmu a garin nan: wutarmu, datarmu, ƙurarmu, da irin injinan da aljihunmu ke iya saye.

Yaɓen shekara

Bakatsine ba ya buƙatar dogon bayani kan gyaran gini. Wanda ya tashi a gidan ƙasa cikin birni ya san cewa kafin ruwan fari ya sauka ana kwaɓa ƙasa a bi bango da yaɓe, a toshe tsaga, a gyara indararo. Hasumiyar Gobarau ba ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye don ƙarfin tubalinta kaɗai ba, hannuwan magina ne suka yi ta komawa kanta. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ita ma gini ce, na miliyoyin layukan umarni, kuma kullum ana gano tsaga a jikinta. Shi ya sa kamfanin Microsoft ke fitar da facin tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata. Da zarar facin ya fito, ɓarayin intanet ma sun gane inda tsagar take, sai su bazama neman injinan da ba a yaɓe ba.

Duniya ta ga haka ƙarara ranar 12 ga Mayu 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, tana neman fansar dala 300 kafin ta sake su. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke dubban alƙawuran ganin likita. Abin takaici, facin da ke toshe wannan kafa ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin harin, kuma waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Laftof ɗin da ke shagunan Katsina a yau da ita ake shiga asusun banki, da ita ake yi wa yara rajistar jarrabawa, a cikinta ɗan kasuwa ke ajiye lissafin bashinsa. Barin ta ba faci daidai yake da kwana da ƙofar shago a buɗe.

Tambayoyi uku na mai gyara

Da gari ya waye muka nufi wani dattijon mai gyara da na sani a wajen Ƙofar Ƙaura, wanda ya faro sana'arsa daga gyaran rediyo. Ko sukudireba bai ɗauka ba. Ya jona na'urar a wutar solarsa, ya miƙo mana benci, ya ce, "Malam, ku bar ta ta gama abin da take yi." Kusan minti arba'in ta ɗauka tana mutuwa tana tashi, sannan ta buɗe da kanta, babi na huɗu na nan bai yi ko ƙwarzane ba. Windows tana ajiye wa kanta hanyar komawa baya idan sabuntawa ta ci tura, kuma abin da ya fi lalata ta shi ne mai gajen haƙuri ya danne maɓallin kashewa tana cikin wannan aiki. Kafin ya taɓa komai sai da ya sa yarinyar ta kwafe aikinta a filashi. Sannan ya dube ta ya ce, "Ɗiyata, batirinta yana riƙe wuta? Wuri nawa ya rage cikinta? Kuma wace rana agogonta ke nunawa?"

Tambaya ta farko ita ce uwa a wurinmu. Sabuntawa mataki uku ce: a sauko da ita, a girka ta, sannan na'ura ta sake tashi ta musanya tsofaffin fayiloli da sababbi. A matakin ƙarshe ne yankewar wuta ke yin ɓarna, domin an cire tsoho ba a gama dasa sabo ba. Yawancin injinanmu tokumbo ne, batirinsu ya sha aiki tun a Turai ko Amurka kafin ya haɗu da zafin Afrilu mai haura digiri 40. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Girka sabuntawa aiki ne mai nauyi, injin yakan ɗauki zafi, idan iska ba ta ratsa shi sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Saboda haka kada a fara sai inda ake da tabbacin wuta ta awa biyu, sola ce ko janareto. A ɗora na'urar a kan tebur, ba a kan katifa ko darduma ba, a kuma riƙa kai ta a hure mata ƙura. Idan ana tsakiyar aiki mai muhimmanci, saitin Windows ya ba da damar ɗage sabuntawa har mako biyar. Ɗagewa zuwa lokacin da ya dace hikima ce, kashewa ɗungurungum kuwa ganganci ne.

Ta biyu ita ce wuri. Ƙananan laftof masu araha da ake saya wa ɗalibai sukan zo da rumbun ajiya na gigabait 32 ko 64 kacal, sannan a cika shi da finafinai da hotunan biki. Sabuntawa tana buƙatar filin da za ta sauke kayanta, ta buɗe su, ta kuma ajiye tsofaffin ko da za a koma baya. Idan babu filin sai ta tsaya, sau da yawa da lambar kuskure 0x80070070. A kwashe kaya masu nauyi zuwa filashi, a share tarkacen wucin gadi, a samar da kamar gigabait 20, matsalar ta kau.

Ta uku ce ta ba mu mamaki. Agogon laftof ɗin yana nuna wata shekara da ta daɗe da wucewa. A cikin injin akwai ɗan batiri mai kamar kwabo, galibi samfurin CR2032, wanda ke riƙe lokaci ko an kashe na'ura. Idan ya mutu sai kwanan wata ya rikice. Kwamfuta kuwa ba ta karɓar kaya daga kamfani sai ta duba takardar shaidarsa ta lantarki, wadda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Agogon da ya ɓata sai ya sa ta ɗauki takardar gaskiya a matsayin ta bogi, ta ƙi hulɗa, wani lokaci da lambar 0x80072F8F. Gyara kwanan wata da canza wannan ɗan batiri sun raba mutane da dama da fomat ɗin da ba su buƙata.

Data da rabin kaya

Akwai tambaya ta huɗu da dattijon bai yi ba saboda ya san amsarta: da wayar hannu muke ba kwamfuta intanet. Sabuntawar wata ɗaya takan kai ɗaruruwan megabait, wani lokaci ta haura gigabait, babbar ta shekara kuwa gigabait da yawa ce. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa lissafi yake yi. Windows kanta idan ta ɗauki layin a matsayin mai awo takan jinkirta sauko da yawancin sabuntawa, sai mutum ya zaci ta lalace alhali tattali take yi masa. Idan kuma data ta ƙare ko sabis ya yanke a tsakiya, akan bar guntayen fayiloli da ke hana yunƙuri na gaba tafiya.

A nan tsari ke da amfani, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A fara da sake tayar da na'ura, a cire duk abin da aka jona mata in ban da caja, a sake gwadawa. In ta ƙi, a kunna mai binciken matsalar sabuntawa da ke cikin saiti. In ta sake ƙi, mai gyara ya tsayar da hidimar sabuntawa, ya canza wa jakar SoftwareDistribution suna, domin a nan guntayen suke taruwa, Windows za ta buɗe sabuwa da kanta. Idan fayilolin manhajar ne suka gurɓace, kamar yadda lambar 0x80073712 ke nunawa, akwai umarni biyu da ake rubutawa da izinin mai kula da na'ura: DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, sannan sfc /scannow. Kowace sabuntawa tana da lamba mai farawa da KB, kuma ana iya sauko da ita kai tsaye daga rumbun Microsoft Update Catalog a zuba a filashi. Mutum ɗaya ya sauko da ita, injina goma masu Windows iri ɗaya su amfana. Ko an kai ga sake zuba Windows, akwai hanyar ɗora sabuwa a kan tsohuwa ba tare da an taɓa fayilolin mutum ba. Fomat shi ne ƙarshen magani, bai kamata ya zama na farko ba.

Abu ɗaya ne waɗannan matakai ba sa warkarwa: Windows ɗin da aka yi wa kaciya. Wasu masu gyara suna zuba wadda aka datse wa sassa don ta yi sauri a tsohon inji, cikin abin da aka datse har da hanyar sabuntawa. Mai saye ya tambayi asalin abin da aka zuba masa, mai gyara kuma ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya.

Ba kullum laifin namu ba ne. A Janairun 2024 sabuntawa mai lamba KB5034441 ta ƙi shiga ɗimbin kwamfutoci masu Windows 10 a faɗin duniya, tana nuna 0x80070643, saboda ɗan sashen rumbu da aka keɓe don farfaɗo da na'ura ya yi mata kaɗan. Darasin shi ne a rubuta lambar kuskure a bincika ta kafin a yanke wa inji hukunci.

Katangar Oktoba

Akwai kuma ƙin da ba na lalacewa ba ne. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 facin tsaro na kowa da kowa, bayan shekara goma da fitowarta, sai dai ya buɗe wa masu amfani na gida ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4, rumbu gigabait 64, guntun tsaro na TPM 2.0, da injin sarrafawa na zamani, wanda a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas yake farawa. Da yawa daga tokumbon da ke shigowa ta Legas da Kano zubi na shida ne ko na bakwai. Ƙarfinsu na nan, amma ƙofar a rufe take gare su. Mai shirin saye ya duba lambar injin: i5-6300U zubi na shida ne, i5-8250U na takwas. Wannan lamba guda bayan ɗan layin ita ce bambancin na'urar da za ta ci gaba da samun faci da wadda aka sallama. Ana iya yi wa Windows 11 dabara ta shiga tsohon inji, amma kamfanin bai lamunce masa sabuntawa ba. Wanda aikinsa rubutu ne da bincike, manhajar Linux irin su Ubuntu da Linux Mint kyauta ce, tana samun faci, kuma tana rayar da injin da aka fid da rai da shi.

Abin da ya rage namu ne. Manyan makarantun garin nan da ke da sola da intanet za su iya ware yini ɗaya a wata, bayan Talatar faci, ɗalibai su kawo na'urorinsu a sabunta a inda wuta ba za ta yanke ba. Masu gyara za su iya ajiye facin wata a filashi su mayar da shi sana'a mai tsafta. Ɗiyar ƙanwata ta miƙa babinta da azahar ɗin ranar. Da ta karɓi kuɗin makaranta na gaba, batiri ta fara saye, kuma yanzu duk tsakiyar wata takan ɗauki laftof ɗinta ta kai shagon dattijon nan, ta zauna a benci har sabuntawar ta kai kashi 100. Kakanninmu ba su taɓa jiran ruwa ya sauka kafin su yi yaɓe ba.